Ciwon ɓoye a gidan tsohon soja

Yau filin namu zai taɓo wata magana wadda ba a cika yin ta a bainar jama'a ba, domin ta haɗa abubuwa uku masu nauyi a baki: soja, ƙwaya, da ciwon da ake ɗauka wajen saduwar namiji da mace. Soja ana jin nauyinsa, mashayi ana gudunsa, ciwon kuwa ana jin kunyarsa. Idan ukun nan suka taru a kan mutum guda, sai kowa ya kau da kai, har shi kansa mai ciwon. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka sai ku yi haƙuri mu faɗe ta yadda take.

Duk wanda ya san Cadawa da garuruwan da ke bisa babbar hanya, daga Gidan Rumji a yamma har Agye da Gazawa a gabas, ya san tsofaffin sojoji ba baƙi ba ne a cikinmu. Wani yana gadin kanti ko sito, wani yana kabu-kabu, wani ya koma gonar gado yana noman hatsi da wake da aya. Cikinsu akwai wanda ya je Saudiyya lokacin yaƙin tekun Fasha a 1990 da 1991, akwai wanda ya kwana cikin duwatsun arewa har aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta ranar 24 ga Afrilu 1995, akwai wanda ya sa hular Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwaddibuwa ko Mali. Na baya-bayan nan su ne suka ga Bosso da Difa tun daga Fabrairun 2015, suka binne abokansu bayan harin Inates na Disambar 2019, ko suka yi sintiri a kan iyaka wajejen Gidan Rumji da Madarumfa saboda ƴan bindiga. A shekara ta 2020 gwamnati ta bayyana niyyarta ta ninka yawan sojojin ƙasa daga 25.000 zuwa 50.000. Kowane yaro da ya sa kaki yau, in Allah ya yi masa tsawon rai, tsohon soja ne gobe. Ke nan maganar da muke yi ƙaruwa za ta yi, ba raguwa ba.

Tun da wuri mu share wata ƙura. Mafi yawan mutanen nan sun dawo gida da mutuncinsu da hankalinsu, su ne ma ake kira idan ana son tsari a wajen taro ko sulhu a unguwa. Amma akwai waɗanda suka dawo da kaya biyu da ba a gani a cikin jaka: sabo da ƙwaya, da ciwon da ke kwance cikin jini. A kansu muke magana, kuma don su da iyalinsu muke yin ta.

An auna shi ranar shiga

Ba a ɗaukar yaro soja sai ya wuce bizit. Likita zai duba ido, ya duba ƙirji, ya auna tsawo da nauyi, a tabbata lafiyayye ne kafin a ba shi bindiga. Muddin yana cikin bariki, akwai gidan likita kusa da shi, akwai na gaba da shi mai lura idan ya rame ko ya canza hali. Ranar da ya tuɓe kaki kuwa, duk wannan inuwa ta gushe. Wanda ya yi ritaya bisa ƙa'ida yana da sauƙi, tun da sunansa na cikin takardun fansho, ana iya gano inda yake. Wanda aka sallama saboda laifi, ko ya gudu, shi ne ya ɓace wa kowa. Kuma hankali ma ya nuna cewa mai shan ƙwaya ya fi kusa da shiga wannan rukuni na biyu. Wato wanda ya fi kowa bukatar awo shi ne wanda ba ya cikin littafin kowa.

A shekara ta 1987 aka fara sanar da samun cutar sida a Nijar. A 2002 aka yi babban bincike a ƙasa baki ɗaya, aka tarar kashi 0,87 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar cutar. Amma da aka duba rukuni-rukuni, sai lissafi ya sauya: malaman lakwal kashi 1,4, direbobin manyan motoci kashi 1,7, ƴan gidan kaso kashi 2,8, sojoji kashi 3,8, mata masu zaman kansu kuwa wajen kashi 25. Soja ya ninka sauran jama'a fiye da sau huɗu. Dalilin a fili yake: saurayi mai jini a jika, ga albashi a aljihu, ga nisa da iyali watanni, ga mutuwa tana kai da kawowa a gabansa. Bayan haka adadin ƙasa ya yi ta sauka, ya koma kashi 0,7 a 2006, sannan 0,4 a 2012, abin godiya. To amma a tuna, sojojin da aka auna a 2002 su ne tsofaffin sojojin yau. Wanda ya san matsayinsa ya shiga magani, yana nan da ransa yana aurar da ƴaƴa. Tambayar ita ce wanda bai taɓa miƙa yatsa ba.

Yadda ƙwaya ke buɗe wa ciwo ƙofa

Ƙwayar da ta fi yawa a kasuwanninmu ita ce taramadol, wadda kowa ya sani da tramol. Asalinta maganin zafin ciwo ce. Likita yana ba da ita miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wadda ke yawo a tasha da bakin kasuwa kuwa ana samun ta 120, 200, 225 har 250 a ƙwara guda, kuma mai sabo ba ya tsayawa a guda. Yawancinta daga Indiya take fitowa ta tashoshin ruwan kudu. A watan Satumba na 2017 an kama fiye da ƙwara miliyan 3 a ƙasar nan cikin kwalaye masu ɗauke da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2018 Indiya ta ƙara tsananta dokar fitar da ita, Najeriya kuma ta hana maganin tari mai kodin, amma kasuwar ba ta mutu ba. Kusa da tramol akwai wiwi, da diyazefam, da giya.

Soja ba ya fara sha don shashanci kaɗai. Wani ya fara ne don ya jure tafiya da rashin barci, wani don rauni da ya ƙi warkewa, wani don ya daina ganin abin da idonsa ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ya dawo gida kuma, ga ciwon baya, ga mafarki, ga zaman banza, ga mai tallar magani yana wucewa ta ƙofar gida da faifansa.

A Turai da Amurka, allurar da mashaya ke yi wa juna ita ce babbar hanyar yaɗuwar sida da ciwon hanta a tsakaninsu. A nan galibi haɗiya ake yi, shi ya sa wasu ke ganin babu ruwan ƙwaya da waɗannan cututtuka. Akwai ruwanta, ta hanyoyi huɗu. Ta farko, tana rage tunani: wanda ya sha ba ya tuna hula, ko da tana cikin aljihunsa, ba ya kuma zaɓen inda zai kwana. Ta biyu, tramol tana jinkirta biyan bukatar namiji, don haka wasu musamman domin mata suke shan ta, ka ga ƙwaya da haɗari sun zama tafiya ɗaya. Ta uku, aikinta ke nan kashe zafi. Zafin fitsari ko ciwon mara da zai kai wani asibiti cikin kwana biyu, shi mai tramol ba zai ji shi yadda ya kamata ba. Ta huɗu kuwa ita ce tsoro. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta hukunta sha da sayarwa, don haka mashayi yana kallon duk wani ofishi kamar kamisariya. Yana zaton in aka ɗauki jininsa za a ga abin da yake sha. Sai ya gwammace ya sayi kafso huɗu ko biyar a wurin wanda ya sayar masa da tramol ɗin, ya haɗiye, ruwan ya tsaya, ya ce ya warke.

Ciwon da ba ya sallama

Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin cututtukan nan ba sa nuna kansu. Tunjere yana farawa da ɗan gyambo mara zafi wajen sati uku bayan an ɗauka, ya warke da kansa cikin ƴan makonni, mutum ya ce Allah ya raba shi da wahala. Alhali ciwon ya shige cikin jini, yana iya kwanciya shekaru kafin ya taɓa zuciya, ko ido, ko ƙwaƙwalwa. Ciwon sanyi yakan nuna ga namiji, amma mata da yawa ba sa ganin komai har sai ya toshe hanyar haihuwa. Ɗan uwansa da likitoci ke kira kilamidiya ya fi shi iya ɓuya. Mai ƙwayar sida yana iya yin shekara takwas ko goma yana noma yana kokawa. Ciwon hanta nau'in B kuwa, wanda ya yi yawa a ƙasashen Sahel, da yawa tun suna yara suka same shi, amma yana bin saduwa, kuma giya tana gaggauta ɓarnarsa. Sai a 2008 rigakafinsa ya shiga cikin alluran jarirai a Nijar, ke nan duk wanda ya isa a kira shi tsohon soja an haife shi kafin wannan gata.

A yawancin ƙananan gidajen likita, ana ba da maganin ciwon sanyi ne bisa alamun da mara lafiya ya faɗa, tun da ba ko'ina ke da ɗakin bincike ba. Dabara ce mai amfani ga wanda ya zo ya kuma faɗi gaskiya. Wanda ba shi da alama, ko ƙwaya ta danne masa ita, ko kunya ta ɗaure masa baki, wannan dabara ba ta kama shi. Awo kaɗai ke kama shi. Kafson bakin hanya kuma ban da rashin warkarwa yana koya wa ciwo taurin kai: Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi cewa ƙwayar ciwon sanyi ta bijire wa magunguna da yawa da ake kashe ta da su a da.

Wa ke biyan bashin? Matan gida. A ƙasarmu mace ce ke zuwa awon ciki, ita ake ɗauka wa jini, ita ake fara gaya wa labari. Miji na zaune a fada yana shan shayi. In an yi mata allura ta warke, ta koma ɗaki ta sake ɗauka. In gidan mai mata biyu ne ko uku, ciwon ya bi kwana ɗaki-ɗaki. Tunjeren da ba a yi wa magani ba yana ɓata fiye da rabin cikin da ya tarar: ɓari, ko haihuwar gawa, ko jariri mara lafiya. Sai a ce matar tana da wabi, ko kishiya ta yi mata asiri, a kashe kuɗi wajen masu magani, daga baya a sake ta a auro wata yarinya, ita ma ta shiga layi. Alhali maganin tunjere allurar fenisilin ce wadda aka sani tun shekarun 1940. Uwa mai sida kuwa, in ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na ɗauka, in da magani adadin yana sauka ƙasa da 5.

Abin da wasu suka koya

Amurka ta sha wannan ruwa kafin mu. A 1971, lokacin yaƙin Biyetnam, hankalin gwamnatinsu ya tashi da aka ga yadda hodar heroyin ta kama sojoji. Wata malama mai suna Lee Robins ta bi sawun waɗanda suka dawo gida. Ta tarar wajen mutum 1 cikin 5 ya kamu da sabo a fagen yaƙi, amma cikin shekarar farko da dawowa, kashi 5 cikin 100 kacal na waɗanda suka kamu ne suka koma ruwa. Darasin shi ne sabon da aka yi a bakin daga ba hukuncin rai da rai ba ne. In mutum ya dawo ya tarar da gida, da sana'a, da mutanen da ke ganin girmansa, yakan saki. Kada mu yanke ƙauna ga kowa.

Darasi na biyu ya shafi awo. Amurka tana da ma'aikata sukutum ta tsofaffin sojoji mai asibitocinta. Da can, sai likita ya zargi mutum da halin banza kafin ya yi masa tayin gwajin sida, kuma sai an sa hannu a takarda. A watan Agusta na 2009 suka soke wannan, suka ce a yi wa kowa tayi, yardar baki ta isa. Da tayin ya zama na kowa, sai ya daina zama zagi. Da irin wannan bin mutane har inda suke, a 2019 ma'aikatar ta ba da sanarwar ta warkar da tsofaffin sojoji 100.000 daga ciwon hanta nau'in C. Ba mu da kuɗin Amurka. Amma canza tambaya daga “me ka aikata?” zuwa “kowa muna yi wa, za ka yi?” ba ya cin ko dala.

To, me ya kamata?

Ga hukumomin soja da na kiwon lafiya: yadda aka auna yaro ranar shiga, a yi masa tayin awo ranar fita, na sida da tunjere da hanta, ko da korar sa aka yi. Korarre ma ɗan ƙasa ne, kuma gida zai koma. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji su nemi ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa wajen taronsu, shugabanni su fara miƙa yatsa, domin soja ya saba bin na gaba.

Ga ma'aikatan asibitocin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, da majo-majo na CSI irin ta Cadawa: duk wanda ya zo da matsalar ƙwaya, ko ya faɗi yana shure-shure saboda tramol ta yi masa yawa, ko ya zo da rashin barci da firgita, a haɗa masa da tayin awo. Kada a ce sai ya bar sha tukuna. Barin ƙwaya tafiya ce mai tsawo, ana yi ana faɗuwa, kuma mai sabo da tramol ba a so ya yanke ta dare ɗaya, sai dai a rage masa sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Ciwo kuwa ba ya jira. Haka kuma, duk macen da aka samu da ciwo a awon ciki, a nemi mijin cikin hikima a yi musu magani tare.

Ga ƴan kasuwa: da yawanku tsohon soja ke kwana a ƙofar dukiyarku. In kun ga alamar yana sha, ku kira shi gefe, ku ba shi yini guda da kuɗin mota ya je asibiti, kada ku tambayi sakamako. Korar sa ba ta warkar da kowa. Sida ba ta bin ƙwaryar fura, ko gaisuwa, ko tabarmar salla. Wanda kuma zai ba da ɗiya, ya nemi awo ga ango da amarya duka, ko angon soja ne, ko alhaji, ko ma'aikaci. Jihar Kano ta mai da awon kafin aure doka a 2024. Mu ma iyaye na iya mai da shi al'ada tun kafin doka ta zo. Sai dai awon ranar aure bai isa ba ga wanda ya riga ya tara iyali.

Wani zai ce, me zai hana a tilasta musu kawai? Tilas korar mutane take yi, balle mutumin da dama yake gudun ofis. Dokar da ta shafi sida, wadda aka kafa a 2007 aka sabunta a 2015, ta tsaya a kan yarda da kuma sirri. Wannan sirri shi ne jarin aikin duka. A gari kamar Cadawa, inda kowa ya san kakan kowa, ma'aikaci ɗaya mai sakin baki ya isa ya rufe ƙofar awo shekara biyar. Wanda duk da haka yake jin nauyin garinsu, Maraɗi ba ta da nisa.

Kai kuma tsohon soja, da girmamawa muke yi maka magana. Awon sida ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 20 an gama, kuma ba ya nuna abin da mutum yake sha. Ka nemi a haɗa maka da na tunjere da na hanta. In ka san ka shiga haɗari kwanan nan, ka sake yi bayan wata uku, domin sabon kamu ba ya fita nan take. In kana cikin sha har yanzu, ka mai da shi abin kowace shekara. Tunjere da ciwon sanyi ana warkewa sarai. Sida da hanta ana riƙe su da magani, kuma wanda ya riƙe maganin sida har ƙwayar ta daina fita a awo ba ya sa wa matarsa. Ka tsaya gadi dare da rana don mutanen da ba ka sani ba su yi barci. Na cikin gidanka sun fi cancanta.